Baitin da Ya Rage a Siton Albasa

Hantsi ya ɗaga amma rana ba ta fito ba. Tun da safe hadari ya tsaya gabas da Taloka, baƙi ƙirin, bai matso ba bai kuma watse ba. Iska ta ɗauke ɗif, ko ganyen dogonyaron da ke ƙofar siton albasar Alhaji Umaru ba ya motsi. A cikin siton mutum huɗu ne, sun turo ƙofa, gumi yana bin bayansu.

Uku daga cikinsu makaɗa ne. Mujaheed ɗan Wurno shi ne babbansu, shi ke busa saksofon, wani ƙahon tagulla mai lanƙwasa da ya koyi busawa lokacin da ya zauna Sakkwato. Sajo bafulatanin Giyawa ne, ƙwarya yake kaɗawa da zobba a yatsunsa. Sai Maccido ɗan Lahodu, wanda sana'arsa gyaran injin ban-ruwa ce a fadama. Shi ke riƙe da jita, shi ne kuma mai waƙar. Suna kiran kansu 'Yan Bakin Gulbi. Kiɗansu ba na biki ba ne, ba kuma na 'yan siyasa ba. Mujaheed ne ya fara kawo musu irinsa a waya, kiɗan baƙaƙen Amurka da ake ce wa jaz da buluz, mai tafiya a hankali kamar mutumin da ya dawo daga rakiya shi kaɗai. Ran da Sajo ya fara ji, cewa ya yi ai wannan kukan makiyayi ne aka sa wa wando. Daga nan suka kama shi, suka sa masa Hausa.

Na huɗun Almustapha ne, mai ɗaukar sauti, ya taso daga Sakkwato da kwamfutarsa da makirufo da batir a cikin buhu. Wannan shi ne albam ɗinsu na farko, ba kamfani a bayansu, ba wani Alhaji mai ɗaukar nauyi. Kayan ma na aro ne, dole su kwana Sakkwato a daren nan, kuma Almustapha ya faɗa musu ba ya ganin zai sake samun su kafin kaka. Yana kuma da tsarinsa da ba ya canjawa: kowa da kowa a ɗaki ɗaya, a kaɗa a rera lokaci guda, abin da ya shiga ya shiga.

"Ni ba tela ba na," in ji shi tun da yana warware wayoyi. "Ba ni ɗinkin waƙa. In mutum guda ya yi tuntuɓe, ku duka kun hwaɗi, mu koma hwarko."

Maccido ne ya kawo shawarar siton. Ginin ƙasa ne mai kauri, rufin soro da azara, buhunan albasa jibge har kusa da rufi a gefe biyu, ana ajiye da su ana jiran ta yi tsada. Da Almustapha ya shigo ya tafa hannu sau ɗaya ya saurara, sai ya yi murmushi. Buhunan sun shanye amsa-kuwwa tas. Wari dai akwai shi, irin na albasar da ta sha zafi, amma wari ba ya shiga makirufo.

Abin da Almustapha bai sani ba, mai siton surukin Maccido ne, uban matarsa Mas'uda. Maccido bai roƙi tsohon ba, ina ma zai fara. Wan matarsa Siddiq ya lallaɓa har ya ba shi makulli, da cewa ranar kasuwar Goronyo ce, Baba ba ya dawowa sai yamma liƙis. Mujaheed da Sajo sun sani, sun yi masa dariya a hanya, suka bar maganar.

Kafin azahar sun ɗauki waƙoƙi da dama. Akwai ta mai kwalekwale da ya tsufa, akwai ta shekarar da ruwan dam ya cinye shinkafa, akwai wata da ba magana a cikinta sam, Mujaheed ne kawai yake yawo da ƙahonsa Sajo yana bin sa a baya. Wadda suka bari ƙarshe ita ce wadda ta sa Almustapha ya yarda ya zo. Maccido ya taɓa rera ta shi kaɗai ya tura masa a waya, shi kuwa ya kira a take ya ce wannan ita ce uwar albam ɗin, sauran duk 'yan rakiya ne.

Waƙar ta Mas'uda ce. Da cikinta na fari ya tsufa aka zo aka tafi da ita gida, yadda ake yi. Ta haihu lafiya, aka yi suna, aka yi arba'in aka wuce, ba a ce komai game da komawa ba, shi kuwa ba shi da bakin tambaya. Yakan hau babur daga Lahodu ya zo, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a zaure ya gaida Alhaji. Su gaisa, su yi shiru, su sake gaisawa. Wani lokaci a miƙo masa jaririn daga ciki ya karɓa kamar ba nasa ba, ya mayar. Ita kuwa sai dai ya ji muryarta tana yi wa ƙannenta faɗa a tsakar gida. Daga waɗannan zuwan waƙar ta fito. Gidan ma ga shi nan bayan siton, in da za ka fita ka yi kira da ƙarfi za a amsa.

Suna gyara zama sai iska ta taso, ƙamshin ƙasa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ruwa ya sauko. A kan rufin soro ruwa ba ya ƙara irin ta kwano, wani gunji yake yi mai taushi. Almustapha ya danna abin sauraro a kunnensa, idanunsa suka buɗe.

"Kowa shi tsaya inda shike. Ruwan ga za shi shiga waƙar. Maccido, bismilla."

Sajo ya fara taɓa ƙwarya a hankali. Jita ta shiga. Maccido ya rufe ido ya matso bakin makirufo.

*Zanenki na nan bisa igiya,*
*ban ɗauke ba, ban ninke ba...*

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofa. Almustapha ya yi tsaki ya ɗaga hannu. Aka turo ƙofar, haske ya shigo tare da feshin ruwa, sai ga Alhaji Umaru tsaye, babbar rigarsa ta manne a jikinsa, hularsa a hannu yana matse ta. Hadarin ne ya koro shi daga kasuwa, ya biyo ya duba ko soron yana yoyo a kan albasarsa.

Maccido bai san lokacin da ya kai ƙasa ba. Ya tsinci kansa a durƙushe, jitar tana rataye a wuyansa tana bugun gwiwarsa, yana ƙoƙarin zare takalmi da hannu ɗaya.

"Baba, sannu da zuwa. An wuni lahiya?"

"Lahiya lau." Tsohon bai dube shi ba. Ya dubi wayoyin da suka bi ƙasa, ya dubi ƙahon tagulla, ya dubi ƙwarya. "Madalla. Baƙi munka yi?"

Mujaheed ya rusuna ya yi bayani, yana zaɓen kalmomi kamar mai tsallake taɓo. Ya ce 'yar ɗaukar murya ce, ba taro ba ne, ba a taɓa buhu ko ɗaya ba, Siddiq ne ya taimaka da makulli. Alhaji ya ce to, to, ba komai. Ya karkata kai ya saurara, ya nufi can kusurwar yamma kai tsaye, ya ɗaga wata tsohuwar roba ya tara a inda ruwa ke ɗiga. Su huɗun suna cikin ɗakin ba wanda ya ji wannan ɗigon.

Ya dawo bakin ƙofa ya leƙa. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanya ta zama gulbi. Ya ɗan tsaya, sannan ya jawo buhu ya zauna, ya shanya hularsa a gwiwa.

"Ku yi aikinku. Kar ku kula da ni."

Almustapha ya ji daɗin dattijon. "Allah shi saka, Baba. Sai dai a yi muna shiru kaɗan. Maccido, tashi mana, mi kaka yi ƙasa? Daga hwarko."

Maccido ya tashi. Ƙafafunsa ba takalmi, ƙasar siton da sanyi. Sajo ya fara, jita ta shiga, wurin da ya kamata murya ta shigo ya zo ya wuce. Suka zagayo, ya sake zuwa ya sake wucewa. Bakin Maccido a buɗe yake, amma murya ba ta fito ba. Bai taɓa cin ko gyaɗa a gaban mutumin nan ba. Bai taɓa yin dariya haƙoransa sun fito a gabansa ba. Yanzu ga shi tsaye a kansa da jita a ƙirji, ana jiran ya yi maganar zanen 'yarsa.

"Ruwa nika so," in ji shi.

Aka ba shi. Ya juya baya ya tsuguna ya sha.

A karo na gaba ya samo dabara. Ya rera, amma ba waƙar ba. Inda zane yake ya sa garma, inda ɗaki yake ya sa gona. Ya yi waƙar wani manomi da ruwa ya yi wa jinkiri, yana ƙirƙira yana tafiya, muryarsa siririya kamar ta ɗan makarantar da aka tsayar gaban aji. Mujaheed ya bi shi da busa don kar ya bar shi shi kaɗai, amma ko shi idonsa na ƙasa. Tun ba a kai rabi ba Almustapha ya zare abin kunnensa.

"Wagga wace waƙa ta? Wa yac ce maka garma niz zo ɗauka tun daga Sakkwato?"

"Malam Almustapha," in ji Sajo a hankali, "mu ɗan huta dai."

"Hutun mi? Ruwan ga ba shi jiranmu. Mantuwa kay yi, Maccido? Ina baitin matashin kai? Ina na tsohon nan mai tsaron zaure? Shi na ma gishirin abin."

Sajo ya yi tari. Mujaheed ya kira sunan Almustapha sau ɗaya, da wata irin murya. Shi kuwa hankalinsa na kan wayarsa, yana nema da yatsa.

"Tsaya in tuna maka. Ga ta nan, da bakinka."

Ya jona wayar da sifika ya danna. Muryar Maccido ta cika siton, wadda ya rera shi kaɗai a ɗakinsa na Lahodu, a sake, ba tsoron kowa.

*Matashin kai na ƙamshin man kitsonki,*
*in juya shi, in sake juya shi...*

Mujaheed ya yunƙura zai kai hannu, wayar makirufo ta riƙe masa ƙafa. Kafin ya kwance ta baiti na gaba ya shigo.

*Tsoho na zaure bisa buzu,*
*ya tsare ƙohwa da tasbaha.*
*In gaishe shi, shi ce lahiya,*
*in sake, shi ce madalla.*
*Rana ta hwaɗi muna gaisuwa,*
*ban ga ɗiyatai ba.*

Sajo ne ya fizge wayar daga jikin sifikar. Siton ya yi tsit, sai gunjin ruwa da ɗigon da ke faɗawa cikin roba can kusurwa.

Maccido ya koma durƙushe. Yana kallon wani ɓawon albasa da ya manne a babban yatsan ƙafarsa, ya kasa cire shi ya kasa daina kallonsa.  Ya tuna buzun, farar fatar rago ce da ta soma zubar da gashi a gefe. Ya tuna yadda ya ji daɗin kansa ran da baitin ya zo masa, har ya yi dariya shi kaɗai a bakin injin wani.

Alhaji Umaru bai ɗago ba. Ya ɗauki hularsa ya juya ta, ya sake shanya ta a ɗaya gwiwar. Tasbaharsa da ke hannunsa ya sa ta a aljihu sannu a hankali, kamar abin da aka kama shi da shi.

Mujaheed ya sunkuya ya raɗa wa Almustapha magana a kunne. Fuskar mutumin ta sauya. Ya dubi tsohon, ya dubi Maccido, ya dafe bakinsa. Ya buɗe zai ce wani abu, Sajo ya girgiza masa kai. Ban haƙuri a nan ƙara tona abin zai yi.

"Azahar ta yi," in ji Alhaji, yana magana da ƙofa.

Suka yi alwala da ruwan indararo, kowa ya miƙa hannu waje ya tara. Aka shimfiɗa buhunan da ba komai a ciki. Alhaji ya shiga gaba. Maccido ya tsaya can ƙarshen sahu, ya so a ce sallar ta fi haka tsawo, don a cikinta ne kawai ba wanda zai ce me ya sa ba ka kallon kowa. Da aka sallame ya daɗe bai tashi ba.

Mujaheed ya matso kusa da shi ya tsuguna, ya yi ƙasa da murya.

"Mu bar ta. Waɗanda munka ɗauka sun isa a hitar."

"Ba su isa ba. Kai ma ka sani."

"To mu yi ta ba murya. In busa ta."

Maccido ya dubi abokansa. Sun yi shekaru suna haɗuwa a ƙarƙashin mangwaron wani lambu a Wurno, ana ce musu marasa aikin yi. Sajo ya bar wa ƙaninsa shanu yau, ya sha faɗa kafin ya fito. Mujaheed ya sha cewa in albam ɗin nan bai fita bana ba zai naɗe ƙahonsa ya sa a akwati. Duk wannan ya rataya a kan waƙa ɗaya, waƙar kuma ta maƙale a wuyan mutum ɗaya, saboda shi da kansa ya ga siton surukinsa ya ce nan ya fi.

"Laihina na," ya ce.

"Ba a tambaye ka na wa na ba. Za ka iya ko ba ka iyawa?"



Can gefe Alhaji ya juya wajen Sajo, ya tambaye shi ɗan wane gida ne a Giyawa. Sajo ya faɗa. Tsohon ya ce ya san kakansa, kakan ya taɓa sayar masa da bijimi mai tari ya rantse lafiyarsa ƙalau. Sajo ya ce ai Baba tarin a hanya ya kama shi, iskar Hausawa ce. Tsohon ya ɗan murmusa, iyakar leɓe. Sannan ya miƙe ya ɗauki wani kwando da ke rataye.

"Sajo, akwai albasar da nika son tsincewa can baya, ta hwara ruɓa. Tunda ruwa ya tsare ni, bari in rage." Ya ɗan tsaya. "Kunnena kuma ba shi ji sosai in ana ruwa. In kuna son wani abu sai ka zo ka taɓa ni."

Ba wanda ya dubi robar da ke kusurwa. Tsohon ya bi ta ɗan lungun da ke tsakanin buhuna da bango, ya shige, jibgin ya rufe shi har hularsa. Jim kaɗan suka ji an kwance bakin buhu, sai ƙarar albasa tana faɗawa kwando, ɗaya, can kuma ɗaya.

Sajo ya ajiye ƙwarya. Ya tashi ya ɗauki sandar makirufon Maccido ya kai ta ɗaya ƙarshen siton, ya juya ta yadda mai waƙa zai fuskanci bango. Almustapha, wanda da safe ya yi faɗa don an matsar da sandar nan da taki ɗaya, ya bi shi da waya yana warwarewa.

Maccido ya je ya tsaya. Gabansa bangon ƙasa ne, da sawun yatsun maginin da ya yaɓe shi tun da daɗewa. Bayansa abokansa, bayan su buhuna, bayan buhuna uban matarsa yana yi masa ƙaryar kurumta. Wannan ya fi komai nauyi a ƙirjinsa. Da tsohon ya zage shi ya kore su, da ya san inda zai ajiye abin.

Ƙwarya ta fara. Jita ta shiga. Wurin murya ya zo.

Ta fito. Ba irin ta waya ba ce. Wannan ta dushe, tana karcewa a ƙasa, kamar mai magana da wanda ke barci kusa da shi. Ya rera zanen da ke bisa igiya. Ya rera murhun da kaza ta yi ƙwai a ciki saboda an daɗe ba a hura shi ba. Da ya iso matashin kai ya ji gumi ya gangaro masa ta bayan kunne, ya jingina goshinsa kusa da bango ya faɗe shi duka, man kitso da juyawa da komai. Saksofon yana bin sa daga nesa, ba ya taɓa shi. Ruwa na zuba. Can baya albasa na faɗawa kwando.

Sai kiɗan ya zagayo kan baitin zaure.

Albasar ta daina faɗawa.

Maccido ya ji shirun nan a tsakiyar bayansa kamar an ɗora masa tafin hannu. Tsohon ya tsaya, da albasa a hannu wataƙila, yana jira. Ya riga ya ji baitin, ya san abin da ke zuwa, ya kuma zauna ya ba da hanya a faɗe shi. Maccido ya ja numfashi. Kalmomin suna nan a kan harshensa, buzu da tasbaha da madalla. Ya ga idan ya faɗe su yanzu, ba a ɓoye a ɗakin Lahodu ba, za su shiga wayoyin mutane daga Goronyo har Rabah, yara su riƙa rerawa a ƙofar zauren nan, mutumin da ya shige bayan buhu don ya sauƙaƙa masa yana zaune a ciki.

Ya rufe bakinsa. Hannunsa dai bai tsaya ba, jitar ta ci gaba ita kaɗai, layi ɗaya ya wuce ba kowa a kansa. Almustapha ya ɗaga hannu zai tsayar, Sajo ya harare shi yana kaɗawa. Sai Mujaheed ya shigo. Bai busa baitin yadda ake rera shi ba, ya ɗauko daga can ƙasa, dogon sauti ɗaya mai kauri, ya riƙe shi har ya fara rawa, sannan ya sake shi ya gangaro a hankali. Ya cike wurin tsohon duka da busa, ba kalma ko ɗaya. Maccido yana tsaye goshinsa a bango, idonsa a rufe.

Da busar ta sauka, can baya albasa ɗaya ta faɗa kwando. Maccido ya kama baitin ƙarshe, na hanyar Lahodu da ake komawa da yamma, ya kai shi gida. Sajo ya dafe ƙwarya da tafin hannu. Suka tsaya ba motsi har Almustapha ya danna.

Ya daɗe da abin sauraro a kunne, yana komawa baya yana saurare. Sannan ya cire.

"Akwai rami a tsakiya," ya ce a hankali. "Kuma ana jin kwando."

"A sake?" in ji Mujaheed.

Almustapha ya dubi bayan Maccido, wanda har yanzu bai juyo ba.

"A'a. Hakanan za ta hita."

Ruwan ya tsagaita wajen la'asar, ya koma yayyafi. Suna naɗe wayoyi Alhaji ya fito daga lungu da kwandonsa, rigarsa duk ɓawon albasa. Abin da ke cikin kwandon bai kai a ce an wuni ana tsinta ba, kuma rabinsa lafiyayye ne. Ya ajiye a bakin ƙofa. Almustapha ya durƙusa har ƙasa ya yi godiyar wuri, ya yi ta yi har ta yi yawa. Tsohon ya ce ba komai, Allah ya sa a dace. Ya ce wa Sajo in sun gama a kai wa Siddiq makulli. Maccido yana durƙushe gefe ya ce a sauka lafiya, aka ce masa madalla. Kalmar ta fita kafin tsohon ya tare ta. Su biyun suka dubi ƙasa.

Alhaji ya fita ya hau babur ɗinsa. Ya taka ya tashi, amma ƙafar baya ta nutse a taɓon da ruwan indararo ya haƙa, tana juyawa a wuri ɗaya tana feshi. Ya sa ƙafa ya tura, ta ƙara zama. Mujaheed ya ajiye ƙahonsa zai fita, Maccido ya riga shi.

Ya bi ta baya, ba takalmi, taɓo har idon sawu. Ya kama ƙarfen bayan sirdin da hannu biyu, ya sunkuyar da kai ya tura. Tsohon ya ji nauyin ya ragu, bai waiwaya ba, ya murɗa. Taɓo ya wanke wa Maccido riga da fuska har cikin baki. Ya ƙara turawa, babur ɗin ya yi tsalle ya hau tsandauri, ya ɗan yi layi ya miƙe.

Alhaji Umaru ya bi ta gefen katanga ya sha kwana wajen gida, bayansa a miƙe, hularsa jiƙaƙƙiya a kansa. Maccido ya tsaya cikin yayyafi yana tofar da ƙasa, sannan ya koma ciki ya kama wa Almustapha ɗaukar batir.